Damin Farko na Rinjin Alƙali

Zariya, Maris 2017

Zuwa ga ƙanena Eli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aiki da abokan zama. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta sa ni gaba tun da aka ɗauke ni daga aji aka mai da ni ofis.

Na san za ka yi mamakin rubutun nan. Ni ce Asama'u ta gidan Alƙali, wadda ke ba ka ƙuli-ƙuli in kun zo da Baba Ibrahim kawo dami, kana ɓuya a bayan rigarsa. Hajiya Safiya maƙwabciyarmu, mai zuwa sarin kaya Dubai, ita ta ce ta gan ka a wani ofishin kargo a Deira kana gyara musu esi, ta gane ka da goshin mahaifinka. Ita za ta kawo maka wannan.

'Yan gida sun ɗora mini tattara tarihin kakanmu Alƙali Ɗalhatu, za a buga ɗan littafi. Farkon rayuwarsa duk na samu: karatunsa, alƙalancinsa, gandunsa na auduga da baban rini, da yadda ya shiga majalisar sarki har maganarsa ta yi nauyi. Na kuma samu yadda aka yi rigimar sarauta, ya goyi bayan wanda bai samu ba, aka tuɓe shi aka ce ya bar birni. Daga ranar da ya fita ƙofar gari bakin tsofaffinmu yake mutuwa. Ya rasu a rinji, ƙauyen bayinsa na noma, abin da suke cewa ke nan.

Na je wajen Baba Ibrahim da kaina. Ya cika mini mota da rogo da kaji biyu, amma da na tambaye shi sai ya ce, Allah ya jiƙan maza. Kai ka tashi a gabansa. Duk abin da ka ji game da zaman Alƙali a rinji, ka rubuto mini.

Yayarka,
Asama'u


Al Qusais, Afrilu 2017

Yaya Asama'u,

Na karɓi saƙonki da farin ciki. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ni ma lafiya, zafi bai kankama ba tukuna, aiki da sauƙi. Mu shida ne a ɗaki, ni kaɗai Bahaushe, don haka ranar Juma'a bayan coci nake samun shiru in yi rubutu. Kin kyauta da kika zaɓi takarda, a waya bakina yana riga tunanina.

Ban yi zurfin karatu ba, ki gyara inda na kauce. Abin da zan faɗa daga bakin Baba ne, shi kuma daga bakin kakansa Sanda, wanda ya riska da rai yana yaro.

Alƙali ya iso rinji da damina, a kan jaki, an lulluɓe littattafansa da tabarma saboda ruwa. Iyalinsa suka zauna a birni. Bayin da ke masa noma yawancinsu bai taɓa ganin fuskarsu ba, kayan audugarsu kawai ya sani. An ce ranar farko ya zaga gona yana ba da umarni, ya sa aka nome wani fili da ya ɗauka ciyawa ce, ashe baban rini ne ɗan tsiro. Ba wanda ya iya gaya masa. Sai wata baiwa mai dafa masa abinci, Barira, ta ajiye masa tuwo ta ce, bana dai marina sai su rina da ruwan rafi. Ita ce ya ɗauka ƙwarƙwara daga baya, ta haifi Sanda. Ko da sonta ne, Baba bai taɓa faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Duk da an tuɓe shi, mutanen ƙauyuka ba su daina zuwa ba. Akwai tsamiya a gabas da gidan, nan yake zama yana raba gardamar iyaka da ta gado, ba ya karɓar ko ƙwai. Amma zuciyarsa tana birni. Kullum yana aika wasiƙu wajen mutanen ɓangarensu, yana jiran a mai da shi. Akwai abin da na yi ta shakkar rubutawa, amma kin ce duk abin da na ji. Wata shekara ya sayar da samari biyu, wa da ƙane, ya sayi alkyabba ya aika wa wani babba a fada don ya sa baki. An karɓi alkyabbar, ba a aiko da amsa ba. Uwar samarin ba ta ƙara gaishe shi ba har ya mutu, ta gabansa take wucewa da tulunta, shi kuwa yana jin takunta sai ya yi shiru da karatu.

Idanunsa suka mutu a ƙarshe, Barira ke jan sa zuwa gindin tsamiya. Da ciwon ajali ya kama shi ya kira liman da sarkin gandu, ya ce su shaida Sanda ɗansa ne, Barira kuma 'yantacciya ce da zarar ya rufe ido. Ya ce a binne shi a gindin tsamiyar, duk wanda ya fito daga Sanda ya kwanta a gefensa. Ya ce da Sanda, duk kaka damin dawa na farko na yayyenka ne da ke birni, don kada ku manta juna. Asalin damin da muke kawo muku ke nan.

Yanzu kabari huɗu ne a wurin: Alƙali, Barira, Sanda, da kakana, wanda ya karɓi addinin Kirista a hannun 'yan mishan amma duk da haka can aka sa shi. Baba ya ajiye dutse a inda yake so a sa shi. Tun da ƙarfinsa ya ragu ba shi da zance sai na wurin.

Wannan ya kawo ni ga roƙo. Ƙanena Jeffrey ya ce ya ga wasu da mota suna auna gonar. Mun san takardun ƙasar suna hannun Baffa Sharfuddeen, shi ne babba a gidanku. Don Allah ki bincika mini ko da gaske sayarwa za a yi. Ba na so Baba ya ji a bakin kasuwa.

Ƙanenki,
Eli


Al Qusais, Satumba 2017

Yaya Asama'u,

Da fatan kina lafiya da yara. Ni lafiya, sai zafin da muka sha a kan rufin gidaje, har ƙarfe ba ya taɓuwa sai da safar hannu. Yanzu ya fara sauka kaɗan-kaɗan, shwayya-shwayya in ji Larabawa.

Hajiya Safiya ta zo sau biyu ba ta kawo mini komai ba. Na yi ta bin abin da na rubuta a zuciyata, ina neman inda na ɓata miki. In zancen samarin nan biyu ne, ki cire shi, ki yafe ni.

Akwai kuma wani abu. Makon jiya na je masaukin Hajiya a Al Ras in karɓi yajin da Jeffrey ya aiko. Tana zaune a ƙasa da wata abokiyar sarinta, suna ɗaure kwalayen turare. Da na gaishe su sai ta ce da matar, “Wannan ɗan rinjin su Malama Asama'u ne. Bayin gidansu ne tun kaka da kakanni, har gobe suna kai gaisuwar dami. Kin ga riƙon amana.”

Matar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Masha Allah. Bayi na Dubai, mu 'ya'ya muna can muna fama da biza.”

Suka yi dariya, ni ma na yi. Har kwali na ɗaukar musu zuwa mota. Sai da na shiga jirgin metro na fara juya maganar.

Wataƙila wasa ne irin na mata 'yan kasuwa, ni ne mai ɗaukar abu da nauyi. Amma tun ranar nake tuna wasu abubuwa. Duk zuwan da muka yi gidanku ba mu taɓa wuce zaure ba. Baba yakan cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa wa Baffa, alhali ya girme shi. Da na ɗauka bambancin addini ne ya sa.

Tambaya ɗaya nake yi miki, ki ba ni amsa yadda take. In mun sauke damin nan mun tafi, me kuke kiransa a cikin gida?

Ƙanenki,
Eli


Zariya, Nuwamba 2017

Ƙanena Eli,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Lafiyarmu ƙalau. Ba ka ɓata mini ba, kunya ce ta riƙe mini hannu.

Ka ce in ba ka amsa yadda take. Gaisuwar bayi muke kiransa. Haka na taso na ji, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba sai da na karanta wasiƙarka. 'Ya'yan Alƙali maza da ake lissafa mana huɗu ne, babu Sanda a ciki. Na yarda da abin da ka rubuta. Mutumin da ya yi alƙalanci ya san ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, ba zai mutu bai kafa shaidu ba. Na fi zaton 'ya'yansa na birni ne suka toshe kunne saboda rabon gado.

Na yi wauta ɗaya. Don ɗokin abin da na samu, na karanta wa Baffa wasiƙarka. Yana ta gyaɗa kai har da dariya wajen labarin baba, amma da na zo kan shaidar liman da dutsen Baba Ibrahim sai ya ce in tsaya. Ya ce wannan shimfiɗa ce, gado kuke nema, yau dutse gobe lauya. Na rantse masa ba haka kake nufi ba. Ya ce ni mace ce mai tausayi, ban san mutanen Dubai ba.

Amma ka kwantar da hankalinka game da masu awo. Shekaru ana zuwa wa Baffa da tayi yana korarsu, duk da 'ya'yansa na matsa masa. Mahaifinsa ya bar masa wasiyya cewa muddin dami na zuwa ba a sayar da rinji, don abin kunya ne mutum ya sayar da ƙasa a ƙarƙashin mutanensa. Na san kalmar za ta yi maka ɗaci, amma ita ke tsare wurin. Kada ka taɓa komai. Ga kaka ta zo, a kawo dami kamar kullum, Baffa ya gani ya huce. Sauran ka bar mini, a hankali zan bi da shi.

Yayarka,
Asama'u


Al Qusais, Fabrairu 2018

Yaya,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya.

Jiya wasiƙarki ta iso. Bizar Hajiya ce ta maƙale, tun Nuwamba takardar na cikin jakarta. Na karanta a tsaye a bakin ofishin kargo, na nemi wuri na zauna.

Ba a kai dami bana ba. Ni na hana. Da na ji shiru daga gare ki na ɗauka shirun shi ne amsa. Baba yana kwance lokacin girbi, ƙafafunsa sun kumbura, Jeffrey ne zai kai. Na kira shi na gaya masa abin da aka ce da ni a Al Ras, na ce daga bana an daina. Ya tambaye ni yadda zai yi da damin, tunda an riga an ware shi. Na ce ya kai coci ranar godiyar kaka. Ya kai, har an yi masa tafi. Muka bar Baba a kan cewa an kai Zariya. Ni da nake auna wayar lantarki sau biyu kafin in yanka, wannan ban kwana a kansa ba.

Yau da rana na kira Baba daga kan rufin da muke aiki, na faɗa masa duka. Ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya ce, “Eli, kana tsammani ban san sunan da suke kiransa ba? Sanda da kunnensa ya ji a zauren nan. Ya sauke daminsa, ya yi gaisuwa, ya dawo gida, badi ya koma. Kai ka fi shi zuciya ne?”

Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce ai ba a gaya wa yaro sai ya isa ɗauka, shi ya ɗauka ban isa ba tukuna, ashe ya yi daidai. Ya ba Jeffrey wayar.

Yaya, ko akwai gyara? In dami biyu ne a kai, in goma ne a kai. In Baffa na so in rubuta da hannuna cewa ba ma neman ko taki ɗaya na gonar, zan rubuta. In yana so in zo in durƙusa, hutuna na Agusta ne. Wurin kwanciyar tsoho kawai nake roƙo.

Eli


Zariya, Janairu 2019

Ƙanena Eli,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙunka uku duk sun same ni. Ina ta jira in samu labari mai daɗi in haɗa da amsa, ban samu ba. Na san Jeffrey ya gaya maka an sayar, amma bai ga abin da na gani ba, kuma kana da haƙƙin sani.

Labarin coci ya riga wasiƙarka isowa. Wani direban ƙauyenku ne ya kawo wa Baffa, da ƙari. Da na kai masa roƙonka bai ko karɓi takardar ba.

Ana cikin haka Baba Ibrahim ya zo da kansa, bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauki hayar a-kori-kura, shi a gaba, dami a baya. Direban ne ya sauke masa, don ba ya iya tsayuwa sosai. Ya zauna a zaure tun hantsi. Na kai masa ruwa da fura, ya ce sai ya ga Alhaji. Baffa bai fito ba sai bayan la'asar.

Baba Ibrahim ya zame daga kan tabarma zai durƙusa, gwiwar ta ƙi. Ya ce, “Alhaji, yaro ne ya yi kuskure. Ga gaisuwa, ta makara.”

Baffa ya ce, “Ai an kai inda ya dace. Kun 'yanta kanku, Ibrahim, ba wanda ya kore ku. Allah ya ba da sa'a.”

Ya juya ya shiga. Na raka Baba Ibrahim har mota. Abin da ya ce mini kawai, in gaishe da yara. Damin ya zauna a zaure ba wanda ya taɓa, har kaji suka gama da shi.

Wani mai gonar kaji ne ya saya. Na bi Baffa, na bi 'ya'yansa, na je wajen mai sayen da ƙafata, in samu a cire gindin tsamiya daga cinikin. Abin da na samu, an zagaye kabarin Alƙali da bulo. Sauran ukun aka ce ba a san na su wane ne ba. Eli, an bi ta kansu da mota. An kewaye gonar da waya, an sa maigadi.

Ni na fara tono wannan zance da littafina. Ban san abin da zan ce maka ba.

Yayarka,
Asama'u


Zariya, Yuli 2020

Ƙanena Eli,

Ina yi maka gaisuwar rashin Baba Ibrahim. Allah ya ba ku haƙuri, kai da Jeffrey da sauran dangi. Jirage ba sa tashi, Hajiya ba ta zuwa, don haka ɗiyata za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka. Tun bara ban ji daga gare ka ba, ban kuma ga laifinka ba.

Na je jana'izar. An hana taro saboda cutar nan ta korona, mutane kaɗan ne. Ban shiga cocin ba, na zauna a inuwa tare da wasu tsofaffin mata. Ɗaya ta ga lulluɓina ta tambaye ni me nake da mamacin. Na ce baffana ne. Ta ce ba ta san Ibrahim na da dangi a birni ba. Na ce laifin na birnin ne.

Da na dawo na gaya wa Baffa. Ya ce Ibrahim mutumin kirki ne. Sai ya ce in ina so in sa sunan Sanda a littafin, in sa, ai kowa ya san ɗan Alƙali ne, tun yana yaro ya ji kakarsa na faɗa. Na tashi na bar masa ɗakin. Ban sa ba tukuna, sai na ji daga bakinka.

Yayarka,
Asama'u


Al Qusais, Maris 2021

Yaya Asama'u,

Ina gaishe ki da yara, ya gwiwa? Ni lafiya. An rage mana aiki bara, yanzu ya dawo. Na gode da zuwan da kika yi. Jeffrey ya ce har ƙasa kika zuba. Na fara amsa sau da dama ina yagewa, ki yi haƙuri.

Zancen littafi, ki yi yadda kika ga dama. Ba ni da bakin cewa a sa ko kada a sa.

Ta waya na ga jana'izar. Muna kulle a ɗaki lokacin, na fita matakala don kada in dami mutane. Jeffrey ya riƙe wayar, ana sauke akwatin gawar sai hoton ya tsaya. Da ya dawo an riga an rufe.

Bayan an sayar da gonar Baba bai ƙara ta da maganar ba. Da na zo hutu na zauna kusa da shi ina jiran ya yi faɗa, sai ya tambaye ni ko ana samun dawa a Dubai. Haka muka yi ta yi a waya har ƙarshe, zafi da abinci da lafiyar abokan ɗaki. Jeffrey ya ce sau ɗaya ya sa aka kai shi bakin wayar gonar a kan babur. Maigadi ya ce ba a shiga saboda cutar kaji. Ya tsaya ya duba, ya ce su koma.

Maganarmu ta ƙarshe, ya tambaye ni in baƙo ya mutu a nan ina ake sa shi. Na ce akwai wani fili can bayan gari, cikin rairayi. Ya ce, to, ko'ina ƙasar Allah ce. Na so in ɗauka yafiya ce. Na juya maganar ta kowace fuska, har yau ban sani ba ko ni yake lallashi ko kansa.

Na sabunta kwantiragi, shekara biyu. Jeffrey ya ce gudu nake yi, ban musa ba. Ya turo mini hoton kabarin bayan an yi siminti. Yana bayan coci, jikin katanga, tsakanin wani malamin makaranta mutumin kudu da wata jaririya da ba a kai ga raɗa mata suna ba. Tun daga Alƙali, shi ne na farko a gidanmu da ya kwanta cikin baƙi, kuma ni na kai shi.

Ƙanenki,
Eli